Fitilun Motar Baba

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan rabona da Baure. Ya gida, ya ƙafar Inna, ya mai ɗakinka da yara?

Na ji ka sa wa motar Baba manyan ƙwayayen fitila, fiyus yana ta ƙonewa, kai kuma kana naɗe shi da takardar kwalin sigari. Sani, ka bari. Shekaranjiya a garejinmu nan Fatakwal wata mota ta kama da wuta saboda wannan dabarar, don tsohuwar waya ba ta ɗaukar babban ƙwai. Ina kallonta na tuna dawowarmu daga kasuwar Zango, fitila kamar aci-balbal, Baba yana cewa, "Shanun sun san mu, za su kauce."

Ban ga laifinka ba. Ni da na iya aikin ina nan ina gyara wa waɗanda ko sunana ba su sani ba. Amma motar nan kaɗai Baba ya bar mana. Ka mayar da tsofaffin ƙwayayen har in zo.

Ku sa ni a addu'a, a gaishe da Kawu. Abin da na tara zuwa yanzu: waya mai kauri ɗauri ɗaya, fiyus shida, da rabin kuɗin motar dawowa gida.

Yayanka,
Lawal