Rasuwar Rayyis Mitwalli da Sarƙa ta Shida

Cikin alhini, da kunyar da ba za mu ɓoye ba, hukumar Kamfanin Fanar Ashtum mai haƙar mai a teku ke sanar da rasuwar babanmu, shugaban masu ɗaure jirgi, Alhaji Rayyis Mitwalli El-Gamasi, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi a kan jirginmu na haƙa, arewa da Bur Sa'id ta ƙasar Masar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara talatin da huɗu marigayin ya yi yana kula da sarƙoƙi takwas da manyan ƙugiyoyinsu na ƙasan teku, waɗanda ke riƙe jirgi daidai kan bakin rijiya a ruwa mai zurfin sama da mita dubu. Kowa ya san shi da 'yar gudumarsa. Duk sarƙar da aka jawo sai ya bi ta gaɓa-gaɓa yana ƙwanƙwasawa, ya kasa kunne, wadda ta yi masa amon tsagaggen kwano ya shafa mata jan fenti. Mu 'yan ofis muna yi masa dariya, muna ce masa mai kiɗan biki.

Kwana goma sha ɗaya kafin rasuwarsa ya shafa wa sarƙa ta shida ja, ya shigo ofishina, ni manajan ayyuka, ya ce, "Injiniya, ɗana, ba ni awa tara kawai in canza ta. Na'urarka nauyi take aunawa, ba ta jin tsaga." Na nuna masa allon na'urar, ko'ina kore, alamar komai lafiya. Na ce a bari sai an gama rijiyar, kuma da hannuna na sa hannu a takardar ɗage aikin. Sarƙar ce ta tsinke ta same shi, bayan ya kori mutanensa daga kusa da ita.

Hajiya Nawal, uwargidan marigayi, a rumfar zaman makoki mun sha gahawarku, muka ce muku ƙaddara ce, muka ɓoye muku sauran maganar. Ƙaddara gaskiya ce, amma laifin namu ne, nawa ya fi na kowa. Mun miƙa wa masu bincike takardar da na sa wa hannu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba ku haƙurin da ba mu da bakin roƙonku.

Jiya aka canza sarƙa ta shida. Aikin ya ɗauki awa takwas da rabi.

Injiniya Wagdi Sabri El-Hawari
Manajan Ayyuka kuma Kakakin Kamfani