Sunan da Bakina Ya Kasa Kira

Malam,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma tsoro ne ya cika ni, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Muna nan garin Largo lafiya. Har yanzu ina aikin kula da tsohuwar nan ta garin Annandale. Watan jiya 'ya'yanta suka kai ta Ingila ganin garinsu, suka tafi da ni in riƙa tura ta a keken guragu.

A can aka kai mu wani kufai, tsohon gidan ibadar Kirista na mazan da ba sa aure. Dogayen bangaye ba rufi, ciyawa ta cinye daɓen. Matar da ke mana bayani ta ce shekaru aru-aru suna da littafin sunayen matattunsu, kowace safiya a karanto su a yi musu addu'a. Sai wani sarki ya kore su, littafin ya ɓata. Na tambaye ta su wa ke kwance a ƙarƙashinmu. Ta ce ba wanda ya sani.

Sai na tuna da kai, Malam. Masu littafi ma ke nan, ina ga kai?

Shekara talatin ban taɓa kiran sunanka ba, don kunya. A maƙabarta lamba ce kawai a kanka, yadda ka yi wasiyya. Da na dawo na tambayi jikarka Ilham sunan kakanta. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce da Turanci ai Baba ne. Na buɗe baki in gaya mata, harshena ya ƙi. In na mutu, wa zai ambace ka a ƙasar nan?

Ga labari: 'yarmu Uwani ta haihu, namiji, ranar Asabar suna. Sunanka za a sa masa, har sun zaɓi Abba a riƙa kiransa da shi don a sakaya. Na ce a'a, da ainihin sunan za mu kira shi. Kowa ya zuba mini ido.

Tun jiya nake gwadawa ni kaɗai a mota. Rabinsa nake iya faɗa, sai murya ta maƙale. In ka ji shi a bakina ranar Asabar, ba raini ba ne. Ka yafe mini.

Allah Ya haskaka makwancinka.

Taka,
Binta