A Maido Mini Tukunyar Inna Da Dutse Ya Danne

Zuwa ga Dokta Malam Isufu, mai kula da ɗakin binciken duwatsu a Liyon.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyi, ina Hajiya da yara? Ni ne Alhaji Ɗanladi Sarkin Tuwo na unguwar Gut Dor, wanda Faris kaf babu mai miya irin tashi. Ka yi haƙuri da rubutun, lakwal, makarantar boko, ban daɗe ba malamin ya ce na fi ƙarfinshi. Na liƙa takardar ga ƙofar masallaci ne 'yan Nijar su shaida, tunda na yi ta aiko saƙo ka yi gum.

Na ɗaya. Ka tuna shekarar da ƙasa ta girgiza a duwatsun Italiya, kana ɗalibi siriri kamar tsinke, Bature mai gidanku da muke ce wa Mushe ya ɗauke ni kuku, muka tafi cikin kamiyo, babbar motar kaya, ku auna inda tudu ya zabtare. Kai ka riƙa koya mini cewa ba ko'ina yake zubowa ba, sai inda gangara ta miƙe tsaye, da inda aka yanki gindin dutse don hanya, da inda kogi ya ci ƙarƙashi. Ka ce girgiza tsagawa take yi ta wuce, ruwan sama ya shiga tsagar ya ƙarasa aikin. Allah sarki wancan zamani. Da la'asar ina tuƙa tuwo, Turawa na jira da cokali, kai ka kunna kaset ɗin kalangu, mu yi ta zancen Maraɗi har Mushe ya iya cewa madalla.

Na biyu. I, gindin dutsen na kafa murhu. A garinmu wa ke girki cikin iska alhali ga inuwa ga makari? Ka ce in matsa, na ce sai miya ta nuna. An kwana ana ruwa, da hantsi na zagaya bayan itace, sai na ji ruri kamar jirgi. Ina waigawa babu murhu babu tanti. Masu cewa na ruga ƙarya suke, sauri dai na yi.

Na uku, tukunyar. Maƙeran Maraɗi suka zuba ta, Inna ta ba ni ranar da zan fito. Shekara da shekaru a cikinta nake wa 'yan gida tuwon Salla, kai ma ka suɗe ta ba sau ɗaya ba. Kuka tono ta a baje kamar faifai, kuka ce aro ne, za ku auna ƙarfin dutse. Yanzu ɗalibanmu na unguwar Boron can wajenku sun ce tana cikin gilashi da lamba a jiki, tsakanin tsakuwoyi, Turawa na ɗaukar ta hoto.

Ba don girki nake nema ba, ko ruwan alwala ba ta riƙewa. Inna ta rasu cikin azumin bana, labarin bai iso ni ba sai bayan sadakar bakwai. Zannuwanta da kwanukanta an raba a gida. A ƙasar nan duka, abin da hannunta ya taɓa shi ke nan.

Roƙona, Dokta, a maido mini ita. Tsakuwa kuna da ita buhu-buhu. In Mushe ya ƙi, to ka sa rana in hau sabon jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya in zo, ka buɗe mini gilashin in ɗora hannu in yi mata fatiha.

Allah ya ƙara maka girma da ƙiba, ya raya zuri'a, ya bar maka taka tsohuwar.

Wassalam.
Alhaji Ɗanladi, Gut Dor, Faris.