Takardar asibitin Anna

Litinin, 4 ga Mayu 1992
Anna, uwata, ta sauka daga kamyo, motar kayan da ta taso daga Dannet, da tabarma da akuya ɗaya. Cikin awaki talatin, fari ya bar mata ɗaya! Tari ya zuƙe ta. Na yi murna, na kuma leƙa hanya ko maƙwabta sun gani. Kunya ta kama ni, ban san ta wanne ba.

Laraba, 6 ga Mayu
A biro, ofishinmu, kowa ya san ni Mina ƴar Damagaram, gidan Baba inda na tashi. Shekara shida ina buga takardun kamfani, ba wanda ya tambayi uwata, ni ma ban kai zancen ba. Yanzu za a rage ma'aikata, tawaye kuma ya sa ana yi wa kowane Buzu kallon ɗan leƙen asiri. Anna kuwa Buzuwa ce. Lauratu, abokiyar aikina, ta ce: "Ke, ki ce mai aikinki ce. Wa zai bincika?" Bakin Lauratu ba birki, amma don ni take faɗa.

Asabar, 9 ga Mayu
Na share ɗaki sau uku. Zama ya gagare ni.

Talata, 12 ga Mayu
Da jini a tarin yau. Asibitin kamfani iyalin ma'aikaci kaɗai yake karɓa, sai an rubuta dangantaka, kuma takardar ta teburin shef, shugabana a biro, take bi. Lauratu ta ce a kai Anna asibitin gari, ba mai sani. Na je na duba: layi har bakin titi, magani babu. Na dawo Anna tana ba akuyarta ɓawon dankali, tana yi mata hira. Ni ko ba ta tambaye ni me ya sa nake rufe ƙofa in an yi sallama ba. Da ma ta zage ni.

Laraba, 13 ga Mayu
Mun je na kamfani. Rabi'u mai rubuta sunaye ya dube ta, ya dube ni, ya rage murya: "Hajiya Mina, in sa gwaggon nesa?" Sauƙi yake nema mini, bawan Allah. Kafin in amsa likita ya tambayi inda ke mata ciwo, Anna ba ta gane ba, ta juyo gare ni. Sai ga Tamajak, yaren Buzaye, na fita daga bakina a gaban matan site, unguwar ma'aikata, duka. Na ce wa Rabi'u: "Rubuta uwa."

Litinin, 18 ga Mayu
Lauratu ta koma cin abinci a wani teburi. Sunayen waɗanda za a sallama sai Juma'a. Wannan karon ba ni aka ba bugawa ba. Ina jin tsoro, ba ƙarya. Dole ce ta sa ni, ba jarumta ba, haka nake gaya wa kaina.
Tarin ya lafa. Da yamma Anna ta ce tana son ganin kasuwa. Akwai hanyar baya, ta fi kusa. Mun bi ta gaban biro, a hankali, don ba ta iya sauri.