Ƙwan Dodannin Toka

Yaya Nasiru,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya sanyin Jos, ya Anti Rabi da yara? Muna lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

A wasanmu na waya, ka bar mini tsaron ƙwan ƙarshe na Dodannin Toka, ƙaramar zuri'ar nan da kowa ya raina don ba sa fesa wuta. Ran Lahadi na kai albasa bakin iyaka, wayata ta kama layin Nijar, wasan ya yanke. Kafin in dawo, Jajayen Dodanni sun sace ƙwan.

Ka shigo wasan ran Juma'a bayan la'asar mu ƙwato shi. Rabona da muryarka tun Sallah.

A sa mu cikin addu'a, a gaida kowa.

Ƙanenka,
Sanusi