Darasin Minti Goma

Yaya Meshak,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya ƙafar Mama? Kun fara haƙar citta?

Ina lafiya a Indiya, kada ku damu. Sai dai yawancin karatun nas ɗin a waya muke yi, bidiyon minti goma-goma. Ina kallo in ce na gane, a kawo jarrabawa in rasa amsa. Ba malamin da zan tambaya. Sau biyu na faɗi. Jiya wata ta ce in koya mata, na ɓoye fuska, ni da nake koya wa rabin ajinmu a Kafanchan.

Don Allah ka roƙi Mama ta daina kirana "Nas" a gaban matan zumunta.

Ubangiji ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Zipora