Hawa na Huɗu

Litinin, 3 ga Maris
Ga ni a gidan babban ɗana, hawa na huɗu. Ya ce in zauna har gwiwata ta warke, sannan in koma gidana. Ɗaki fes, katifa mai laushi. Ƙofar waje da kanta take rufuwa, kuma tun da na zo ba wanda ya ƙwanƙwasa ta.

Alhamis, 6 ga Maris
Na gai da maƙwabci ta taga. Ya dube ni sai ka ce roƙo na zo.

Juma'a, 14 ga Maris
A layinmu, kujera ta karye ko ƙofa ta ƙi rufuwa, ni tsohon kafinta ake nema. In gyara, a ba ni na sabulu. Wanda ba shi da shi ya aiko da abinci, ko ya kai ni asibiti a bayan mashin. Ashe dukiyata ke nan, ban sani ba. Yau na roƙi ɗan da na haifa kuɗin katin waya. Ya ba ni da fara'a, har da ƙari. Ƙarin ne ya fi ci mini rai.

Lahadi, 23 ga Maris
Ƙafar teburinsu tana rawa. Na ce a miƙo mini guduma. Matar ɗana ta yi dariya. "Baba, ku huta, sabo za mu saya."
Yarinyar kirki ce, ba ruwanta. Hutun ne dai zai kashe ni.

Talata, 8 ga Afrilu
Abokina mai faci ya kira. Wai mai shayin bakin layi ya rasu tun makon jiya, kowa ya ɗauka an gaya mini. Sannan ya ce, "Yaushe za ka dawo, tsohon banza?" Na ce ƙarshen wata.
Da yamma ɗana ya ce an sami mai son hayar gidana. "Baba, gidan yana lalacewa a banza. Ga kuma kuɗin maganinku..." Bai ƙarasa ba. Yana da gaskiya, kuma ina jin tsoro.

Asabar, 26 ga Afrilu
Na ba ɗana makullin gidana. Ba wanda ya tilasta ni. Gwiwa ta yi sauƙi, zan iya sauka matakala yanzu, amma in je ina?
Mai faci ya yi ta kira. Wayar tana nan kusa da hannuna, amma ban ɗauka ba. Ina jin barci nake yi.